Bashin Baba Da Na Ɗauka a Gaban Makara

Ni tela ne, kuma duk wanda ya san layin teloli a kasuwar Daura ya san bakina ya fi kekena gudu. In na ga mutum biyar a tasha, kafin in iso shago sun zama ɗari biyar. In sauro ya cije ni, sai in ba da labarin yadda na yi kokawa da kura. Jama'a sun saba da ni, suna zubar da kashi tara na maganata su riƙe ɗaya, kowa ya zauna lafiya. Sau ɗaya tak aka taɓa karɓar maganata cif-cif ba ragi, ranar da muka binne mahaifina.

Baba manomi ne. Ya rasu bayan kaka, hatsi yana rumbu. Ya bar Inna, da ni, da yayata da ke aure a Dutsi, da ƙannena mata biyu. Dukiyarsa ba ta da wuyar ƙirgawa: gidan ƙasa da muka tashi a ciki, da gona ɗaya a hanyar Zango, jigawa mai ba da gero da gyaɗa. Daga gonar nan Inna take ci tun tana amarya. Ba ta da fansho, ba ta da sana'ar da ta wuce dakan kuka da ɗan kiwon kaji. In gonar ta tafi, tuwonta ya koma sai abin da tela ya ɗinko, shi kuwa tela in sallah ta wuce shi ma kallon hanya yake yi.

A wurinmu, in an fito da makara an ajiye ta gaban sahu, liman kan juyo kafin ya ta da kabbara ya tambaya ko akwai bashi a kan mamacin, da wanda zai tsaya masa. Yawanci wani dattijo ne a dangi zai amsa, murya ƙasa-ƙasa, ya ce mai bin sa ya samu iyalinsa bayan an share makoki. Shi ke nan, a yi salla. Ranar, ƙanin Baba, wanda muke kira Baffa, ya gyara murya zai faɗi haka. Na riga shi. Hawaye na idona, ga jama'a har bakin titi, sai na ji wani abu ya taso mini daga ƙirji.

Na ce, "Jama'a, ni ne ɗansa namiji. Duk wanda yake bin Baba, ko allura ce, ko ɓawon gyaɗa, ya zo ya same ni. Na ɗauka. Daga yau ba Baba ake bi ba, ni ake bi. Ba zai kwana a kabari da sisin kowa ba."

Sahu ya ɗauki "Allah ya yi albarka" daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Wani tsoho ya dafa kafaɗata ya ce haka ake son ɗa. Kaina ya kumbura har hulata ta fara matsa ni. A zuciyata kuwa na san Baba mutum ne da ko gishiri ya ƙare sai ya sha miya salam da ya aika maƙwabta. Na ɗauka magana ce kawai mai daɗin ji, irin wadda na saba yi a shago.

Washegari muna zaune a kan tabarmi a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa. Mutum zai zo ya tsuguna, a yi addu'a, a shafa, ya ce ya haƙuri. Sai ya matso kusa da kunnena ya ce yana son ganina. Akwai darbejiya a gefen gidanmu. Kafin sadakar uku na tattake ƙasar gindinta har ta yi santsi, saboda yawan jan da ake yi mini zuwa can.

Na farko mai tsiren bakin hanya ne. Ya ce Baba ya ci masa tsire na wata uku bai biya ba.

Na ce, "Baba fa? Haƙorinsa na ƙarshe ya faɗi shekara takwas ke nan. Ko tuwo sai Inna ta sassauta masa."

Ko ƙifta ido bai yi ba. Ya ce, "Tsotsa yake yi, Allah ya jiƙan rai. Yaji yake so."

Na biya shi. Ina zan sa fuskata, ni da na ce ko allura? Bayansa mai facin keke ya zo, alhali Baba bai taɓa ɗora ƙafa a kan feda ba, yakan ce abin hawan masu gaggawar mutuwa ne. Wani ya ce ya ba Baba ajiyar igiya da guga. Wani da ban taɓa gani ba ya ce shekara goma sha da suka wuce sun haɗu a mota, ya biya masa kuɗin mota daga Sandamu. Ya ma tuna kujerar da suka zauna. Duk na biya. Kwana biyar ina sa hannu a aljihu, har na fara zargin Baba ba manomi ba ne, wata ƙaramar gwamnati ce da ba mu sani ba.

Abin da ya fi tayar mini da zuciya shi ne sai sun ci shinkafar sadaka tukuna. Mutum zai zauna ya cika ciki da abincin mamaci, ya suɗe hannu, ya sha kunu, ya yi gyatsa, sannan ya tashi ya yi wa mamacin ƙarya da bakin da maiƙon bai bushe ba.

Mutum ɗaya ce Inna ta tabbatar tana bin Baba da gaske, wata tsohuwa mai fura da yake saye wurinta a bakin gona. Kuɗin ƙwarya huɗu ne. Ta zo ta shiga cikin gida, ta yi kukanta, ta ce ta yafe, ta tafi. Na bi ta da kuɗin har lungu, ta ce in na ƙara taku ɗaya za ta jefe ni da takalmi.

Na zaci an gama. Ashe waɗannan duk kaji ne, mai shanu bai iso ba.

Baba yana da amini tun suna samari, wani Alhaji mai fataucin shanu a wajen Zango. Mun tashi muna kiransa Baba Alhaji. Shi ya kawo ragon sunana, kuma duk sallah sai ya tuna mini da haka. A maƙabarta kukansa ya fi na kowa, sai da mutum biyu suka riƙe shi. Ya bari aka yi sadakar bakwai, tabarmi suka ragu, sannan ya zo da hantsi ya ce mu shiga zaure.

Ya daɗe yana murza carbi kafin ya ce, "Ɗana, na so in haɗiye maganar nan in mutu da ita. Amma na ji abin da ka faɗa a gaban makara, ya shige ni. Ka ce ba ka son ya kwana da nauyi. To ni ma ba na so."

Na ce, "Faɗi, Baba Alhaji."

Ya ce shekarar da shanun huɗar Baba suka mutu, shi ya ba shi bijimai biyu rance, Baba kuma ya jinginar masa da gonar hanyar Zango. Saboda aminci ya bar shi yana nomanta. Yanzu mai rai ya tafi, kowa kuma jiran tasa yake yi, gara a warware. Ko bijimai biyu irin waɗancan, ko gonar.

"Ba matsa maka nake ba," in ji shi, yana miƙewa yana gyara babbar riga. "Amma in gonar ce, ka gaya mini da wuri. Ina son in fara kai taki kafin ruwa ya sauka."

Kwanan amininsa takwas a ƙasa, shi lissafin taki yake yi. Na raka shi har bakin motarsa, na ma buɗe masa ƙofa, don jikina bai gama fahimtar abin da kunnena ya ji ba.

Na shiga wurin Inna. Tana zaune a kan tabarma cikin takaba, Yaya tana tsince mata shinkafa. Na faɗa musu. Inna ba ta ɗaga murya ba, ba halinta ba ne.

Ta ce, "Shanun gaskiya ne, ya ba shi. Amma an biya. Kaka uku ana kai masa gyaɗa, buhu-buhu, har sai da ya ce ya isa. Baffanku ne ma yake ɗorawa a amalanke. Maganar jingina kuwa yau na fara jin ta."

"Akwai takarda, Inna?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta ko Baba yana da jirgin sama. "Takarda tsakaninsa da amininsa? Da ya nemi takarda ai da an ce ya zage shi."

Yaya ta ture farantin shinkafar. Ita ba ta gaji sanyin Inna ba. Ta ce, "Kai dai Allah ya shirye ka. Mutane na kuka, kai kana wa'azi. Wa ya aike ka? Ko ɓawon gyaɗa, ko ɓawon gyaɗa. To ga ɓawon gyaɗa nan mai ƙaho biyu da tozo."

Na ce, "Huɗu ne ƙahonin, Yaya, shanun biyu ne."

"Ka ga irinta ko, Inna? Gona za ta tafi, shi wasa yake."

Ba wasa nake ba, bakin ne ba ya jin birki. Yaya ce ta tuna mini da wani dattijo da nake yi wa ɗinki, tsohon magatakardan kotu da ya yi ritaya. Da la'asar na same shi a zaurensa, tabarau a ƙarshen hanci, yana gyaran farce da reza. Na kwashe labari na ba shi, wannan karon ban ƙara ko gishiri ba.

Da na kai kan mai tsire sai ya ajiye rezar. "Ka biya shi?"

"Na biya."

"Ya kawo shaida?"

"Ya ce tsotsa Baba yake yi."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Tela, zauna da kyau in gaya maka abin da ya kamata ka sani kafin ka buɗe baki a gaban gawa. In mutum ya mutu, daga abin da ya bari ake yi masa sutura. Sannan a biya bashi. Sannan wasiyya in ya yi, ita ma ba ta wuce sulusi. Abin da ya rage shi ne gado. Bashin uba a dukiyar uba yake, ba a aljihun ɗa ba. In dukiyar ta ƙare bashi bai ƙare ba, ba mai kama ɗa, sai in shi ya ga dama ya biya don Allah."

Na ji sanyi ya fara sauko mini. Na ce, "Ashe ba ruwana."

"Da ba ruwanka. Amma ka tsaya a gaban mutum nawa?"

"Za su kai dubu uku."

"Tela."

"To, ɗari biyu."

"A gaban mutum ɗari biyu da liman ka ce ka ɗauka, ni ake bi. Wannan lamuni ne, kuma lamuni yana kama mai shi. Sai dai ka lamunci bashin gaskiya ne, ba ka lamunci ƙarya ba. Duk mai bin mamaci sai ya kawo shaidu. Ko ya kawo, sai ya ƙara da rantsuwa cewa ba a biya shi ba, bai kuma yafe ba, domin wanda zai ƙaryata shi yana ƙasa. Waɗancan da ka biya, sadaka ka yi wa maƙaryata. Allah ya ba ka lada in akwai."

Na tambaye shi jinginar. Ya ce wa ke noman gonar duk shekarun nan? Na ce Baba, har daminar da ta wuce. Ya ce to jinginar da mai ita bai karɓi abin ya riƙe a hannunsa ba har mai gona ya mutu, ba ta tsaya ba. Alhaji ba zai ce gonar tasa ce ba. Amma kada in yi murna tukuna. In shanun suka tabbata, za a biya daga dukiyar Baba, kuma me Baba ya bari da zai sayi bijimai biyu a kasuwar yau?

Gida ne da gona. Inna na cikin ɗaya, tana ci daga ɗaya.

Na ce, "Inna ta san an biya. Ta ga buhunan da idonta."

"Inna magajiya ce, tana da amfani a maganar. Ba za a gina hukunci a kan bakinta ita kaɗai ba. Wa kuma ya gani?"

"Baffa. Shi yake ɗora buhunan."

"To ka riƙe Baffanka da kyau."

Na fita ina jin ƙarfi. Washegari na je gidan Baffa, aka ce ya tafi kasuwar ƙauye. Na koma, aka ce yana barci. Na uku na same shi a ƙofar gida, ya ce kada in damu, gaskiya ba ta ɓuya, ya shige ciki yana cewa cikinsa na murɗa. Na aika wa Alhaji da ladabi cewa muna son shaidu. Amsar da ya ba ni ita ce sammaci, har shago, a gaban abokan sana'ata da suka tsayar da kekunansu suna kallo.

Ranar zama na sa farar rigata, na tafi da Yaya. Ba zan yi wa alƙalin ƙarya ba, mutum ne mai natsuwa, ya saurari kowa har ƙarshe. Alhaji ya faɗi da'awarsa da muryar nan tasa mai rawa-rawa, har da share ido da gefen rawani. Aka ce ya kawo shaidu. Na farko wani dillali ne a kara, kasuwar shanu, ya ce a gabansa aka kama bijiman aka sa musu igiya, ɗaya fari ɗaya baƙi. Aka kira na biyu. Na juya in ga ko wane ne.

Baffa ne. Ya sha wanka, ya sa sabuwar hula.

Yaya ta kama hannuna ta matse har yau ina jin wurin in hadari ya haɗo. Baffa ya ce tabbas ɗan'uwansa ya karɓi bijimai biyu a hannun Alhaji, shi ya tayo shi korowa. Wannan gaskiya ne. Alƙali ya ba ni damar tambayarsa.

Na ce, "Baffa, ba kai kake ɗora gyaɗa a amalanke kana kai wa gidan Alhaji ba? Kaka uku?"

Bai dube ni ba, bango yake kallo. Ya ce, "Na ɗora gyaɗa, ba na musu."

"Ta mece ce?"

"To, Allah ya gafarta malam, ni ɗauka aka ce in yi. Ko ta biya ce, ko ta sayarwa ce, ko kyauta ce tsakanin aminai, ban tambaya ba. Ba zan faɗi abin da ban sani ba, ina tsoron Allah."

Ina tsoron Allah. Mutumin da Baba ya yi wa aure, ya yanka masa rabin filin gidansa, ya biya kuɗin asibitin matarsa da kuɗin wannan gyaɗar. A karo na farko tun da aka yaye ni, na nemi magana na rasa.

Alƙali ya ce jingina ba ta tabbata ba, tunda gonar ba ta taɓa fita daga hannun mai ita ba. Rancen shanu ya tabbata da shaidu biyu. Mu da muka ce an biya ba mu kawo hujja ba. Saura rantsuwa. Ya yi wa Alhaji nasiha mai tsawo a kan rantsuwar ƙarya da cin haƙƙin mamaci, ya ce har yanzu yana da damar janyewa, ba wanda zai ce masa komai.

Alhaji ya ce a ba shi buta.

Na leƙa ta taga ina kallonsa yana alwala. A natse, sau uku-uku, har da tsefe gemu da yatsu. Ya dawo, aka miƙa masa Alƙur'ani, ya dafa. Hannunsa ko motsi, kamar ya dafa bayan saniya a kara. Ya rantse ba a biya shi ba, ko kaɗan ko da yawa, bai kuma yafe ba. Na ɗaga kai ina jiran rufin ya tsage, ko ƙasa ta buɗe, ko aƙalla ya sarƙe da yawu. Fanka ta ci gaba da juyawa. Ya mayar da littafin da hannu biyu, ya juyo ya ce mini in gai da Inna, ya haƙuri.

Alƙali ya ce bashi ya hau. Za a fitar da shi daga abin da mamaci ya bari kafin a raba gado, in da buƙatar sayar da wani abu a sayar. Alhaji ya yi gyaran murya ya ce shi mai sauƙi ne, in sayar da gonar za a yi, zai karɓe ta a madadin shanun, don kada a wahalar da iyali da neman mai saye. Sannan na gane duk zagayen nan, daga zaure har kotu, gona yake nema, shanu hanya ce kawai.

Na ɗaga hannu. Na ce, "Allah ya gafarta malam, ni na lamunci bashin nan a gaban jama'a ranar jana'iza. Mai ƙara ma ya ji, shi ya tuna mini. Ni za a bi. Shanu ya ce ya bayar, shanu zan kawo masa."

Alƙali ya tambaye ni ko na san nauyin abin da nake faɗa. Na ce wancan karon ban sani ba, wannan karon na sani. Ya tambayi Alhaji. Fuskar Alhaji ta yi kamar tsohuwar jakar fata, amma shi da bakinsa ya ce shanu, kuma an rubuta. Aka ba ni wa'adi.

Na sayar da babur ɗina. Na sayar da keken surfanin da na yi shekara uku ina adashi kafin in saya. Na sayar da ɗan filin da nake da shi a bayan gari, wanda na daɗe ina gaya wa mutane zan gina bene mai hawa bakwai a kai. Yaya ta kawo kuɗin awakinta biyar, ta ce in na yi mata godiya za ta mare ni. Ƙannena suka haɗa abin da suka iya. Na tafi kasuwar Mai'aduwa da wani maƙwabcina da ya san dabba, muka sayo bijimai biyu, ɗaya fari ɗaya baƙi, don kada a ce launi bai yi ba.

A gaban ma'aikacin kotu aka miƙa su. Alhaji ya zagaya su sau uku. Ya buɗe bakin farin ya ƙirga haƙora. Ya matsa tozon baƙin, ya ɗaga jelarsa ya leƙa. Ya ce waɗanda ya ba amininsa sun fi waɗannan ƙashi, amma ba komai, ya yafe bambancin saboda marigayi. Na ce a rubuta mini. Aka rubuta cewa an biya duka, babu sauran da'awa a kan mamaci ko gonarsa, ya sa hannu, shaidu suka sa, aka buga hatimi. Na yi hoton takardar guda shida. Ɗaya tana wurin Yaya a Dutsi, ɗaya a ƙasan adakar Inna, ɗaya na liƙa a bangon shago sama da teburin guga.

Bayan sati biyu na bi ta ƙofar gidan Baffa a ƙafa, tunda yanzu ƙafa ce motata. Na ga wata 'yar karsana ɗaure a turke tana cin harawa. Baffa bai taɓa mallakar abin da ya fi tunkiya ba. Ya ce kiwo aka ba shi. Ban tambayi wa ya ba shi ba. Na gaishe shi yadda ake gai da ƙanin uba, na wuce, na tofar da yawu a kwana.

Aka raba gado a natse. Tumunin Inna, wato ɗaya cikin takwas, rabona, rabon 'yan'uwana mata, duk aka faɗa a gaban malamai aka rubuta, sannan muka haɗu muka ce ba mai yanka gonar muddin Inna na da rai. Wannan ma na sa aka rubuta. Na zama mutumin da in ka ari almakashina sai ka sa hannu. Abokan layi suna tsokanata, wai ko gaisuwa aka yi mini sai na nemi rasit. Na ce ku yi dariyarku, ku dai ku rubuta, ko da uwa ɗaya ta haife ku.

Damina ta sauka, na yi hayar shanun huɗa, muka shuka. Gero ya yi kyau shekarar. Da aka sussuka aka kawo buhunan tsakar gida, Inna ta fito ta zura hannu a na farko har gwiwar hannu, ta ɗebo ta duba, ta mayar. Sai ta ɗauko wani ƙaramin buhu ta fara aunawa, tiya ɗaya, biyu, har biyar, ta ɗaure bakinsa.

Ta ce, "Kai wannan, gobe ka kai Zango."

"Gidan wa?"

"Gidan Alhaji. Ka ba uwargidansa. Tun muna amare nake aika mata sabon gero, ita ta aiko mini da man shanu."

Na ce, "Inna, mutumin da ya dafa Alƙur'ani ya yi wa Baba ƙarya? Ya ci babur ɗina, ya ci kekena, ya ci benena mai hawa bakwai. Yanzu kuma in ɗauki geron gonar da ya so ƙwacewa in kai masa har gida? Ai gara in zuba wa kaji."

"Ita ta dafa?"

"Shi zai sha furar."

"Wannan tsakaninsa da cikinsa. Ni ita na sani."

Na yi magana ta kai ta awa guda, na kawo hujjoji har da waɗanda ban taɓa ji ba. Tana zaune tana tankaɗe. Da na gaji ta ce in ba zan je ba, za ta sa mayafi ta je da kanta.

Da safe na ɗora buhun a kai har tasha, na shiga motar Zango, mu huɗu a gaba, gwiwata a kan giya. Na sami Alhaji a ƙofar gidansa a kan kujerar roba, bijimaina biyu ɗaure a inuwa sun yi ƙiba har suna sheƙi. Ya ga buhun, ya faɗaɗa fuska, ya miƙo hannu.

"Ɗana, ka ga zumunci. Ajiye nan, za a shigar."

Na ce, "Ba naka ba ne, Baba Alhaji. Hannu da hannu aka ce."

Na wuce shi na yi sallama na shiga, gidan da na sani tun ina rarrafe. Uwargidan tana zaune a bakin murhu. Da ta ga buhun ta gane ɗaurin Inna, sai ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Na ajiye a gabanta, na ce Inna na gaishe ta, ta ce a gaya mata gonar ta yi albarka bana.

Ta cikin mayafin ta ce, "Ka ce mata ba ni da bakin magana."

Na ce zan faɗa. Na fito, na bi ta gaban kujerar roba da shanun, na miƙe hanyar tasha.